Borin, babban bulok, turbo ko sauya inji: me ya dace da tsohon babur a Kano?

Tsohon babur ba ya ɓoye gajiyarsa. Da safe sai ka yi ta buga kik kafin ya tashi, a hawan gadar Ƙofar Nassarawa sai ka sauko giya ɗaya ko biyu, baƙin mai kuma ya ragu tun lokacin juye bai yi ba. Ka kai shi gareji, bakanike ya kasa kunne ya ce, "Alhaji, wannan sai borin." Yaronsa ya tsoma baki ya ce ai tunda za a kwance, gara a ɗora masa bulok ɗin 150 a huta. Ka koma gida, ƙaninka ya miƙo maka waya ya ce, "Yaya, dubi wannan," ga wani a wata ƙasa ya ɗaura wa ƙaramin babur turbo, yana ta fito kamar jirgi zai tashi. Shawara ta zama uku. Akwai ta huɗu da ba a cika kawowa ba: a sauke injin gaba ɗaya a sa babba.

Lissafin da zan yi na injin CG ne, wato zubin da Honda ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 da CG125, wanda kamfanonin Sin suka kwaikwaya har ya cika gari da sunaye iri-iri. Shi ya fi karɓar irin waɗannan gyare-gyare, kayansa kuma ba sa wuyar samu. Inda Jincheng zubin AX100, Boxer ko roba-roba suka sha bamban, zan faɗa.

Abin da za a auna da shi

Kafin a taɓa sifana, mutum ya tambayi kansa irin ƙarfin da yake nema. Akwai ƙarfin ja, wanda mai ɗauko katan-katan daga Singa ko dilar atamfa daga Kantin Kwari yake buƙata lokacin tashi daga tsaye da hawan gada. Akwai kuma gudu, wanda ba a ganinsa sai a miƙaƙƙen titi. Gudu yana da tsada fiye da yadda ake zato, domin iska tana ƙara tokare mutum gwargwadon saurinsa. Idan ka ƙara wa inji ƙarfi da kashi 20 cikin 100, ƙarshen gudunsa ba ya ƙaruwa sai da wajen kashi 6. Babur mai kai kilomita 100 a awa zai kai 106 ke nan. Ko ka ƙara kashi 50, bai wuce ya kai 114 ba. Wanda ya san wannan tun farko ba zai yi rigima da bakanike daga baya ba.

Sai kuɗi. Farashin kayan gyara yana bin dala, abin da aka faɗa maka a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a wannan wata ba lallai ya kai wata mai zuwa ba, don haka zan gwada hanyoyin ne da junansu. Kuɗin kuma kashi uku ne: na kaya, na aiki, da wanda zai riƙa fita bayan an gama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan na ukun ya daina zama abin rainawa.

Ma'aunin da na fi ba nauyi shi ne zafi. Cikin man da inji ke ƙonawa, abin da ke zama tafiya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran zafi ne da dole ya nemi hanyar fita. Injinan nan ba su da lagireto. Iskar da ke bi ta haƙarƙarin bulok ce ke sanyaya su, sai baƙin mai wajen lita ɗaya. A Afrilu, ana ma'aunin zafi 40, ka tsaya a cunkoson Bata ko Kurna tsakanin adaidaita sahu, babu iskar da ke kaɗawa. Duk ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, kuma a nan ake gane gyaran da zai yi ƙarko.

Ragowar biyun gajeru ne. Sauƙi: idan babur ya tsaya maka a Wudil ko Bichi, bakaniken da ke bakin titi zai gane abin da ke ciki, kuma zai sami kayan? Haɗari kuwa iri uku ne, na inji, na rai, da na takardu.

Borin na gyara

Wannan shi ne wanda kowa ya sani. Ramin silinda ya cinye, ringi ba ya riƙe matsi, sai a kai bulok wurin masu borin su faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistan da ringi masu ɗan girma. Matakan da aka saba su ne milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00.

Mutane da yawa suna ɗauka borin yana mayar da inji babba. Ga lissafin. Faɗin ramin CG125 milimita 56.5 ne, tafiyar fistan sama da ƙasa 49.5, abin da ya ba da cc 124 (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji). A yi borin na 0.50, ya zama 126. A kai shi matakin ƙarshe na 1.00, ya zama 128 da ɗoriya. Ƙarin bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Ƙarfin da kake ji bayan borin, wanda ya ɓace ne ya dawo, kuma a injin da ya gaji sosai wannan dawowar ba ƙarama ba ce. Sau da yawa mai babur ya manta yadda abin hawansa yake tun yana sabo.

Shi ne mafi arha, fistan, ringi, gasket, kuɗin borin da na bakanike. Ƙarkonsa kusan na sabon inji ne idan an yi aiki mai kyau, cin mai ma raguwa yake yi. Inda ake yin kuskure shi ne a kai bulok borin kafin a sayi fistan. A sayi fistan tukuna, a kai su tare, a auna ramin da shi, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ta yi kaɗan, fistan ya kumbura da zafi ya kama. Ta yi yawa, hayaƙi ya dawo cikin 'yan watanni. Kada kuma a tsallake mataki don kwaɗayin cc biyu, kowane mataki rai ɗaya ne na bulok.

Masu AX100, wanda faɗinsa da tafiyarsa duk milimita 50 ne, cc 98, suna da ƙarin abin lura. Injin mai shan 2T yana da tagogi a jikin silinda, kuma bayan borin bakinsu yana yin kaifi. Idan ba a goge kaifin ba, zai kama ringi ya karya.

Kafin ma a kai ga borin, a tabbata ciwon a nan yake. Na taɓa shirya kuɗin borin tsaf, ashe soson iska ne ƙurar hunturu ta toshe, ga bawul ya matse, ga faifan kuloci sun cinye. Aikin rabin yini ya dawo da babur ɗin hayyacinsa.

Babban bulok, daga 125 zuwa 150

A nan ana cire bulok da fistan na asali a sa masu faɗin milimita 62. Tafiyar fistan tana nan a 49.5, sai jimla ta zama cc 149. Ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan, kuma ana jinsa tun daga murɗa totur na farko. Daɗin abin shi ne inda ƙarfin yake fitowa: a ƙasa da tsakiya, wurin tashi da kaya, wurin wuce mota a titin Zariya ba tare da sauko giya ba. A can sama bambancin ba shi da yawa, musamman idan an bar kan silinda na 125 da ƙananan bawul ɗinsa.

Masu sayarwa za su ce maka ɗorawa kawai ake yi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba. Gindin silindar yana shiga cikin bakin kaskon inji, kuma na ainihin 150 ya fi kauri, don haka a wasu injinan sai an raba kasko an faɗaɗa bakin. Waɗanda aka yi musamman don su shiga ba tare da wannan aiki ba, an rage musu kaurin gindi ne, ƙarfen ya zama siriri. Fil ɗin fistan ma akwai mai milimita 15, akwai mai 13. Ka je kasuwa da tsohon bulok da tsohon fistan a hannu, a gwada a gabanka.

Sai maganar matsi, wadda kanikawa kaɗan ne ke lissafa ta. A ce matsin injin na asali 9 ne bisa 1, wato fistan yana matse cakuɗen mai da iska har ya koma kashi ɗaya cikin tara na girmansa. Ɗakin ƙonewa da ke saman fistan zai kama cc 15.5. Ka cusa cc 149 a wannan ɗaki ba tare da ka sauya komai ba, matsin ya haura 10.6. Fetur ɗinmu iri ɗaya ne a famfo, ba ka da zaɓin mai jure matsi, wanda ake saya a galan wurin 'yan bumburutu kuma Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya. Idan matsi ya fi ƙarfin mai, sai ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama bi ta cikinsa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka murɗa totur a hawa. Wannan ƙarar ce ke huda kan fistan. Maganinta shi ne a haɗa da kan silinda na 150, ko fistan mai kwarmi a ka, ko gasket mai ɗan kauri.

Kafireto ma dole a taɓa shi. Na 125 galibi PZ26 ne, na 150 PZ27. Ko an sauya ko ba a sauya ba, a duba fulogi bayan tafiya: ruwan ƙasa ya yi daidai, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan, injin yana cin wuta. Gara ya ɗan yi baƙi da ya yi fari.

Kuɗinsa ya fi na borin, amma ba nesa ba idan bulok da fistan kawai aka saya. Idan aka haɗa da kan silinda da kafireto, sai ya ninka. Ƙarkonsa ya dogara ga abin da ke ƙasa. Babban fistan ya fi nauyi, bugunsa ya fi ƙarfi, kuma duk a kan tsohon kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, da tsofaffin boris zai sauka. Idan an cire bulok, bakanike ya kama kwanrod ya ja sama ya danna ƙasa. In akwai wasa ko kaɗan, a gyara ƙasa tukuna. Sabon sama a kan gajiyayyen ƙasa shi ne ke sa a ce "ai 150 ba ta da ƙarko", alhali laifin ba nata ba ne.

Kilomita 500 na farko a bi shi a hankali, kada a riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci, a yi juye da wuri. Wanda ya fi son injin ya rage kuka a dogon titi, ya sauya ƙaramin sufoket na gaba daga haƙori 14 zuwa 15, juyin inji zai ragu da wajen kashi 7.

Roba-roba tana da irin wannan hanya, daga faɗin rami milimita 50 zuwa 52.4, wato cc 97 zuwa 107. Boxer 100 mai cc 99 kuwa tafiyar fistansa milimita 45 ce, ta 150 kuma 58.8, saboda haka babu bulok ɗin da zai mayar da wannan ya zama wancan. Haka bulok ɗin CG200 ba zai zauna a kan karanshaf na 125 ba.

Turbo

Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyu kuma tana tura iska cikin inji da ƙarfi. Iskar da muke shaƙa nauyinta kusan bar 1 ne, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iska. Idan turbo ya ƙara rabin bar, a takarda inji ya sami ƙarin iska kashi 50, a ba shi mai daidai da ita, CG125 mai ƙarfin doki wajen 11 ya doshi 16. A takarda ke nan. Iskar da aka matse tana yin zafi, iska mai zafi kuma ba ta da auki.

Manyan kamfanonin Japan huɗu duk sun gwada. Honda ta fitar da CX500 Turbo a 1982, Yamaha ta yi XJ650 Turbo a shekarar, Suzuki ta biyo da XN85 a 1983, Kawasaki kuma ta yi GPz750 Turbo mai doki 112. Dubi abin da Honda ta yi kafin ta yarda ta sayar: injin mai sanyaya da ruwa ne, ta rage matsinsa daga 10 zuwa 7.2, ta jefar da kafireto ta sa kwamfuta tana auna mai. Suzuki ta sa bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don ya huce. Duk da haka, kafin ƙarshen shekarun 1980 babu ko ɗaya da ake ƙerawa. Sun yi nauyi, sun yi tsada, gyaransu ya yi wuya, sannan a 1984 Kawasaki da kanta ta fitar da GPZ900R mai doki wajen 115 ba tare da turbo ba. Mafi ƙanƙanta cikin waɗancan babura masu turbo ya ninka CG125 sau huɗu a girman inji.

Matsala ta farko a ƙaramin inji ita ce numfashi. Ƙaramin turbo da aka fi samu, irin RHB31 na kamfanin IHI da kwaikwayonsa, an yi shi ne don ƙananan motocin Japan masu cc 550 zuwa 660. Injin 660 yana juyi 4,000 a minti yana jan iska wajen lita 1,300. CG125 ko yana kururuwa a juyi 8,000 bai wuce lita 500 ba, kuma da yake silinda ɗaya ne, hayaƙinsa tsalle-tsalle yake fitowa, sau ɗaya a kowane juyi biyu. Sakamakon shi ne a cikin gari, inda kake giya biyu da uku, turbo yana barci, ya ma zama toshiya a hanyar salansa. Da yake an rage matsi dominsa, babur ɗin zai fi na maƙwabcinka sanyin tashi. Sai ka kai can sama ƙarfin ya zo gaba ɗaya, sau da yawa a inda ba ka shirya masa ba.

Ta biyu baƙin mai. Sandar turbo tana juyi fiye da 100,000 a minti, a kan siririn shimfiɗin mai take yawo, kuma tana son mai tsaftatacce da ake turowa da ƙarfi. Karanshaf na CG a kan boris yake, ba ya buƙatar matsin mai sosai, don haka famfonsa mai rauni ne. Matatarsa ma 'yar raga ce da wani kofi mai juyawa. Dole a ƙara famfo na daban, da matata, da abin sanyaya mai, sannan a tabbata man yana gangarowa daga turbo ya koma kasko. Lita ɗayar nan da ke fama da zafin Afrilu yanzu za ta riƙa bi ta cikin ƙarfen da hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri ke gasawa.

Ta uku fetur. A babur ɗinka mai gangarowa yake yi daga tanki da nauyinsa. Idan turbo yana hura iska ta cikin kafireto, matsin zai hana man saukowa, sai an sa famfon fetur da abin daidaita shi, an toshe duk wata kafa a jikin kafireton. Idan kuma aka sa kafireto kafin turbo, cakuɗen mai da iska zai riƙa bi ta cikin farfela, tashin safe ya yi wuya, kuma duk ranar da wuta ta dawo baya akwai abin da zai kama. Famfunan nan na lantarki ne, ƙaramin kwayil da batir ɗin babur ba a yi su don wannan nauyi ba. Sai tayamin na wuta, wanda dole a ja shi baya idan matsi ya hau, akwatin wutar CG na kasuwa kuwa bai san da wani turbo ba. Daƙiƙa kaɗan na ƙarancin mai a ƙarƙashin matsi sun isa su narkar da fistan.

Masu walda da masu injin juya ƙarfe a Kano za su iya ƙera bututun da duk wani maƙali, wannan ba abin shakka ba ne. Inda aikin yake tsayawa shi ne saiti, domin kunne da launin fulogi ba sa isa, ana buƙatar na'urar da ke auna yawan mai a cikin hayaƙi yayin da ake tafiya. Kuɗin kuwa, turbon kansa shi ne ƙaramin kaso. Ka haɗa famfuna, bututu, fistan mai jure wuta, kuloci mai ƙarfi da fistan ɗin da za a ƙona wajen gwaji, ba wuya ya wuce kuɗin tsohon babur ɗin.

Mai AX100 ya cire wannan daga ransa. Injinsa ba shi da kaskon mai da zai shayar da turbo, kuma tagar fitar hayaƙi tana buɗe a lokacin da ake cusa sabuwar iska, abin da aka tura sai ya bi salansa. Haka 'yar fankar nan ta batir da ake tallatawa a intanet da sunan turbon lantarki, ko farfelar da ake cusawa a bututun iska. Ba sa matse komai, tare hanya kawai suke yi.

Sauya injin gaba ɗaya

Injin CG200 faɗinsa milimita 63.5 ne, tafiyarsa 62.2, cc 197. Ya fi 124 da kashi 59 cikin 100, wato ya wuce abin da turbo mai rabin bar ya yi alkawari a takarda, kuma ƙarfin yana nan tun daga tashi. Karanshaf, kuloci, bawul da haƙarƙarin sanyaya duk an yi su ne don wannan girma. Kowane bakaniken babur ya san cikinsa.

Da yake dangi ɗaya ne, ramukan ɗauri sukan yi daidai da firam ɗin CG, sai dai ya fi tsayi, a auna tsakaninsa da tanki, a duba inda salansa da kafireto za su zauna. Wayarin ma a lura, wani akwatin wuta daga kwayil yake sha, wani daga batir. Kuɗinsa ya fi na babban bulok nesa, amma tsohon injinka yana da masu saye, ya rage maka wani abu. Mai zai ƙara ci, jijjiga ma haka.

Haɗarinsa biyu ne. Firam, tayoyi da birkin ganga na 125 ba su san an sauya inji ba. Tazarar tsayawa daga gudun 80 ta kusa ninka ta 60, saboda haka duk mai wannan niyya ya sa kuɗin birkin faranti na gaba da tayoyi masu kyau a cikin lissafi. Na biyu takardu. Lambar inji tana cikin takardun babur, kuma satar babura ba baƙon abu ba ne. Kada ka sayi injin da ba shi da rasit mai ɗauke da lambarsa, komai arharsa, kuma ka je a gyara takardunka su dace da abin da ke jikin babur.

| | Borin | Bulok 150 | Turbo | Injin 200 |
|---|---|---|---|---|
| Girma | cc 125 zuwa 128 | cc 149 | cc 124 da ƙarin iska | cc 197 |
| Inda ake jin ƙarfi | na asali ya dawo | ƙasa da tsakiya | can sama kawai | ko'ina |
| Kuɗi | mafi ƙasa | matsakaici | mafi yawa, ba ya ƙarewa | mai yawa, sau ɗaya |
| Ƙarko a zafin Kano | sosai | mai kyau in ƙasa lafiya | kaɗan | sosai |
| Samun kaya da bakanike | ko'ina | ko'ina | da wuya | ba wuya |
| Cin mai | yana raguwa | ɗan ƙari | ƙari sosai | ƙari |
| Babban haɗari | aunin da bai yi ba | matsi da zafi | narkewar fistan, gobara | birki, takardu |

Wa ya dace da wanne

Ma'aikaci ko malamin makaranta da ke zuwa aiki daga Rijiyar Zaki ko Hotoro ya dawo, shi kaɗai a kan babur, kuma abin da ke damunsa hayaƙi ne da wuyar tashi, borin ya ishe shi. Ya ƙara da gyaran bawul da sabon soson iska. Haka mai shirin sayarwa, domin mai saye ya fi natsuwa da injin da bai sauya kama ba. Mai AX100 ma nan ne iyakarsa.

Ɗan kasuwa mai ɗaura kaya a baya kullum, ko mai kai saƙo da ke tashi da tsayawa sau ɗari a yini, shi ne mutumin bulok ɗin 150, musamman idan nasa bulok ya riga ya cinye matakan borin, dama sai ya sayi wani. Sharaɗin shi ne kwanrod ya zama ba shi da wasa, kuma a daidaita matsi da kafireto. Idan karanshaf da giya ma sun gaji, ya lissafa kuɗin gyaransu duka ya gwada da na wani injin kafin ya yanke.

Mai zuwa gona ko ƙauye ta titin Gwarzo ko na Katsina, yana dawowa da buhu, kuma firam ɗinsa bai taɓa karyewa ba, injin 200 ne nasa, tare da birki. Idan firam ɗin ya sha walda, ya sayar ya cika kuɗi ya sayi babur da aka ƙera da babban inji tun daga kamfani.

Turbo na mai sha'awa ne, ɗalibin injiniya ko bakaniken da ke son sanin abu da hannunsa, wanda yake da wani babur na zuwa aiki da kuɗin da ba zai yi kukansu ba. Shi ma kada ya fara da 125. Ya nemi injin 200 ko 250, ya fara da famfon mai da na'urar auna hayaƙi kafin ya sayi turbon, ya riƙe matsin ƙasa da rabin bar, ya yi gwajinsa da sassafe a filin da babu jama'a, da hular kwano a kansa da abin kashe gobara a kusa.